Daren da Iya Ba Ta Ce Ƙurunƙus Ba

Iya Delu, mahaifiyar babanmu, kunne ɗaya gare ta. Wato biyun duk suna nan a maƙale, amma na hagu ado ne kawai. In ka yi mata magana ta wannan gefen, to kai da bango ɗaya. Mun sha tambayarta abin da ya same shi, kullum da amsar da za ta ba mu. Yau ta ce kunama ce ta shiga ta yi ɗaki, gobe ta ce ita ta toshe shi da kanta saboda surutunmu. Ni kuwa da take kira angonta, sai ta ce, "Kai da ko ɓarin goro ba ka taɓa sayo min ba, ina ruwanka da kunnena?"

A gidanmu na Toranke, in an gama girbi sanyi ya fara sauka, bayan sallar isha'i ake hura wutar kara a tsakar gida. Iya tana da wurin zamanta a jikin rumbu, ta miƙe ƙafa, ta ba mu kunnen dama. Muna gasa gyaɗa a toka, tana zuba mana. Kuma kowace tatsuniya ta yi, ko ta dodon nan ce da ta taɓa sa ƙanwata Ladidi fitsari a zaune, ƙarshenta ɗaya ne: "Ƙurunƙus kan ɓera. Ƙarya ce na shara muku, kowa ya je ya kama ruwa ya kwanta." Wannan maganar ce ke ba mu barci. In ta faɗe ta, dodo ya mutu.

Shekarar da ɓarayi suka kore wa maƙwabcinmu shanun huɗa, Baffa Haladu, ƙanin babanmu, ya ce shi kam ba za a yi masa haka ba. Ya tafi kasuwar Gaya ya dawo da bindigar toka a naɗe cikin buhu, irin wadda ake dura wa albarushi da harsashi ta baki. Ta wani tsohon maharbi ce na wajen Gafasa da ya rasu, ɗansa ya fito da ita. Ƙotarta ta sha hannu har tana ƙyalli, ga laya ɗaure a jikinta. Kai, ranar mun ga abin kallo! Ɗaya bayan ɗaya muka riƙa kafa ido a bakinta muna leƙen duhu. Ni har busa ta na yi. Iskar ba ta fita ta ƙasa ba, Baffa ya ce tsatsa ce ta toshe, gobe zai kai ta maƙera a sa gindin a wuta ya saki.

Iya tana tankaɗe, sai ta tsaya cak.

"Haladu, da duri a cikinta?"

"Haba Inna. Yaron ya rantse min babu komai."

"Shi ya ajiye ta?"

"To ai mai ita ya mutu, Inna, wa zan tambaya?" Ya yi dariya ya shige ɗaki da abarsa. Baffa mutumin kirki ne, Allah ya sani, amma in ya kafe ko jaki sai ya sara masa.

Da aka hura wuta, sai ga shi ya jawo turmi ya kifa ya zauna, ya ɗora bindigar a cinya yana goga mata man gyaɗa. Iya kuwa ba ta je jikin rumbu ba. Ta ja tabarmarta ta shimfiɗa tsakaninmu da Baffa, ta juya masa baya, daidai inda hayaƙi ke bi.

"Iya, hayaƙi zai sa ki hawaye," in ji Ladidi.

"Bar shi ya sa ni. Ga ta nan tana tafe da sandarta."

Muka ce ta zo mu ji ta.

Ta ce a wani gari can gabas an yi wani maƙeri mai 'ya ɗaya mace da yake ji da ita. Wata rana 'yan'uwanta maza sun tafi gona, sai ya ce ta zo ta kama masa zuga. Murna kamar ta kashe ta, don ba a taɓa barinta ta taɓa zugazugin ba. Sai ga wani mutum da bindiga, ya ce sayo ta ya yi a hannu, gindin ya cije, a gasa masa. Maƙerin ya ce da duri? Mutumin ya ce wanda ya sayar masa ya rantse babu. Maƙerin ya cire ƙota, ya tura gindin ƙarfen cikin garwashi, ya riƙe bakin ta wajensa, ya ce, "'Yar baba, ba ta wuta." Yarinya ta dage. Tana zuga tana waƙa, tana so baban ya ga ta fi mazan ƙarfi.

Mu muna jira aljani ya fito daga cikin bindigar, don haka aka saba.

"Duk garin an ji ƙarar," in ji ta, "har jakuna suka tsinke igiya. Yarinyar ce kaɗai ba ta ji ba. Ita dai ta ga babanta ya zauna daɓas yana kallonta, rigarsa tana jiƙewa. Hannunta kuwa bai daina zuga ba. Sai da mutane suka zo suka ɓamɓare ta."

Gyaɗarmu na ƙonewa a toka babu mai ciro ta. Muka jira, muka jira. Ladidi ta matsa ta kama mata zani.

"Iya, ba ki ce ƙurunƙus ba."

"Wannan ba ta da shi," in ji Iya. Ta ɗaga hannu ta shafa kunnenta na hagu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ina yaro, amma wallahi na gane. Baffa ya bar goge-gogen. "Inna," ya ce, "ba cewa kika yi zazzaɓi ne ya kashe kakanmu ba?"

Ko juyowa ba ta yi ba ta ce ya zaro siririn kara daga dami, ya zura a bakin bindigar har ya tsaya, ya sa farce ya yi alama, sannan ya ciro ya gwada ta waje. Ya yi. Karan bai kai gindi ba, ya rage wajen faɗin tafin hannu, wato da duri a ciki. Baffa ya dubi karan, ya dube ni, ni da na sa bakina a wurin ɗazu.

Da safe shi da babanmu suka kai ƙarfen bayan gari, suka ɗaure shi ya kalli wata kuka, suka tara kara a gindinsa suka cinna, suka ɓuya a bayan tudu. Muna daga gida muka ji ta tashi. Kaji suka watse, mata na ta salati. Iya na shara, ba ta ɗago ba. Da na je na ga jikin kukar ya yage, guntayen ƙarfe sun nutse a ciki, sai na tsuguna na yi amai.

Na daɗe ina ganin na kwashe darasin daren nan duka: kada ka yarda da rantsuwar wanda ba shi ya dura ba. Bara da satar shanu ta dawo mana, aka ce kowane gida ya nemi abin tsaro, ni ma na je na sayi bindiga ta hannu. Mai ita na ta rantse-rantse, na ce ya adana rantsuwarsa ya miƙo min kara. Na gwada, babu komai. Na taho ina jin kaina, ni jikan Iya.

Da daddare na zauna a tsakar gida na ɗora ta a cinya ina gogewa. Can na ɗago, sai na ga inda bakinta ya nufa. Hagu, daidai tabarmar da 'ya'yana ke zaune. Haka bindiga ke kwanciya a cinyar mai hannun dama. Nan take tsakar gidanmu ta dā ta dawo min: Baffa a kan turmi, mu a hagunsa, Iya a tsakani cikin hayaƙi, ta ba bindigar baya.

Shekara da shekaru da rasuwarta, sai ranar na san abin da ya tashe ta daga jikin rumbu. Na juyar da bakin bindigar ya kalli bango, na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarta.