Jakin Kaka da Takarar Baffa

Shekarar da soja suka miƙa mulki, baffana ya fito takarar kansila. Kakana kuwa tsohon bafatake ne, ya sha ratsa duwatsu da jakai, ba ya iya zama wuri ɗaya. Kullum da safe sai ya ɗora wa jakinsa mangala, ya daidaita ƙasa a kowane gefe, su tashi daga Sheshe har Ƙofar Nassarawa, su dawo, ba saye ba sayarwa.

Baffa ya ce 'yan adawa na yi mana dariya, ya sayar da jakin. Wai mutunci!

Kaka ya yi ta zagaye tsakar gida, har ya kwanta bai tashi ba. Baffa kuma ko zaɓen bai ci ba.