Ƙasa Mai Cin Alawayyo

Shekarar da na dawo dogon hutu daga kwalejin horon malamai, kaina ya kumbura har hula ba ta zama. Dalili kuwa, malamin kimiyya ya bar ni na leƙa madubin nan mai ƙara wa abu girma, na ga ƙananan halittu suna wutsil-wutsil cikin ɗigon ruwan ƙasa. Shi ke nan fa, na zama shehi. Tun daga tashar Talata Mafara nake yi wa mutanen cikin mota wa'azin bakteriya, har wani tsoho ya tambaye ni ko sunan wani gari ne a Kudu.

Lokacin ana tsakiyar aikin madatsar ruwa ta Bakolori, wadda kowa ke ce wa dam. Katafila ta bi gonaki ta baje su sumul, an ja hanyoyin ruwa na siminti, an sake raba wa mutane filaye. Babana ya samu gona ɗaya, ja jawur, shimfiɗe kamar tabarma, ya kuma kamu da sonta. Sai wani ƙanensa na wajen Bakura, ɗan baffansa, ya ce zai ba shi tasa da ke manne da ita, shi kuma a ba shi tsohuwar gonarmu ta bakin kurmi, can bayan Tsibiri. Baba ya amsa. Saura kawai a kira shaidu.

Gonar bakin kurmin ta kakata ce, mahaifiyar baba, gadon ubanta. Ba ta son a ba da ita, amma kunyar ɗan fari ta hana ta cewa a'a, sai dai ta zauna bakin murhu tana tsaki. Ni ne kawai take gaya wa cikinta, don wasan jika da kaka muke yi. Ni ne maigida, ita ce amarya, amaryar da haƙora huɗu suka rage mata. Hujjarta ɗaya ce tal.

"Waccan ƙasa ta dam ba ta da ƙanshi, maigida," in ji ta. "Na shinshina ta. Garin bulo ne."

Da maganar ta kai kunnen baba, ya ce ba a tuƙa tuwo da ƙanshi.

Wata safiya bayan ruwa na raka ta gonar. Na durƙusa gindin wata kirya na yaye ganyen da ya zuba. Na sama busasshe ne. Na ƙarƙashinsa ya yi baƙi, ya jiƙe, farin zare siriri ya bi shi ko'ina. Da na ƙara tonawa babu ganye ko ɗaya, sai baƙar ƙasa mai laushi, ƙanshinta ya bugi hancina. Wallahi sai da na yi ihu.

"Amarya, zo ki gani! Kin ga farin zaren nan? Hunhuna ce, irin mai fitowa kan tuwon da ya kwana uku. Laimar kwaɗin can ma ita ta haife ta. Ba ta da haƙori, sai ta tofa wa ganye wani ruwa mai narka shi, sannan ta tsotse. Abin da ta rage, bakteriya su ƙarasa, ganye ya koma taki. Ƙanshin da kike ji, aikinsu ne."

Ta daɗe tana kallon zaren. "Ba ta da haƙori, sai ta jiƙa abinci kafin ta ci?"

"Haka ne."

"Ashe ƙanwata ce."

Da yamma muna cin tuwo na tari baba gaba da gaba. Na gaya masa abin da malaminmu ya ce: a binne ƙyallen auduga, in ƙasa na da rai za ta cinye shi, in matacciya ce za a tono shi yadda aka sa shi. Baba ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce, "To, malam, na ba ka kwana arba'in. In aka binne a gonakin biyu, aka tono suka fito iri ɗaya, zan kira shaidu, kai kuma ka rufe mana baki har ka koma makaranta."

Matsalar ita ce auduga. Rigunana duka tetiron ne, ko kura ba ta cinsu. Washegari na zagaya bayan ɗakin kaka, sai ga farin alawayyo kamar sabo fil an shanya a igiya, faɗinsa kamar me. Ita kuwa ta tafi barka maƙwabta. Na ce a raina ragowar ɗinkin salla ne, wa zai lura? Na sa reza na yanke kamu biyu daga gefe, na gyara shanyar yadda yankan ba zai fito ba. Ɗaya na binne a gonar dam, ɗaya a gindin kirya, na kafa turke kan kowanne. Na dawo gida ina fito.

Kwanakin nan ban bar kowa ya huta ba. Na yi wa masu dakan fura bayani, na yi wa wanzami yana tsakiyar yi mini aski, har ya ce in ban yi shiru ba zai ɗauke mini kunne. Gari ya sa mini suna malamin ruɓa. Ni kuwa ko a jikina, har daɗi nake ji.

Rana ta talatin da ɗaya, da hantsi, muka ji salati daga ɗakin kaka, irin wanda ke sa kaji su watse. Ta fito da farin ƙyalle a hannu.

"Wa ya taɓa mini likkafani?"

Tirƙashi! Ashe likkafaninta ne, wanda ta tanada tun ina goye, ta ba wata maƙwabciya ta je da shi Makka aka jiƙa shi da ruwan Zamzam. Duk damina takan fito da shi ya sha iska kar ya yi wari, ta ninke ta mayar akwati. Ran nan ta buɗe shi ne don ta nuna wa ƙawarta. Mahaifiyata ta ce ƙila ɓera ne. Kaka ta ce, "Ɓeran gidan nan da reza yake yawo?" Ta juyo ta kafe ni da ido.

"Amarya," na ce, "ki yi haƙuri, ilimi ne ya ci shi."

Ban san tsohuwa na da gudu ba sai ran nan. Ta suri muciya, muka zagaya rumbu sau uku, tana cewa, "Tsaya, maigida, tsaya in nuna maka bakteriya!" Matan gida suna riƙe da ciki, awaki suna tsalle, ni ina ba da haƙuri ina dariya ina tsoro gaba ɗaya. Ta same ni sau biyu a gadon baya, kuma na ji su.

Baba bai yi dariya ba. Ya ce in ɗauki fartanya yanzu-yanzu in tono mata kayanta, wasan ya ƙare, gobe zai kira shaidu. Nan dariyata ta ɗauke, don na san gona ta tafi, kuma ni na jawo. Kaka tana zaune kan turmi tana haki. Ta tambaya kwana nawa ya rage. Na ce tara.

"A bar shi," in ji ta. "Tun da an binne ni da raina, bari in ga yadda makwancin yake."

Ranar arba'in kusan rabin unguwa suka biyo mu, don labarin likkafani ya riga ya kai har Maradun. Muka fara da gonar dam. Sara biyu, ga ƙyalle ya fito. Ya yi ja, amma lafiyarsa ƙalau. Baba ya kama gefe biyu ya ja da ƙarfi, ko kecewa bai yi ba. Ya ce, "Kun gani? Ƙasa mai riƙon amana." Aka yi masa dariyar goyon baya.

Muka wuce bakin kurmi. Na tona gindin turke, babu komai. Na ƙara tonawa, babu. Na fara zargin wani ya sace. Can yatsana ya taɓo wani abu mai laushi. Na ɗago shi a hankali. Guntayen ƙyalle ne baƙi ƙirin, farin zaren hunhuna ya naɗe su, suna marmashewa a tafin hannuna kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Bakin saƙar ne kaɗai ya rage a haɗe. Na yi tsalle, na yi juyi, hulata ta faɗa ramin. "Sun ci! Wallahi sun ci!"

"Gara ce," in ji baba.

"Ina ginin garar?" in ji kaka. Ta karɓi guntayen ta kai hanci, ta lumshe ido. Sannan ta yi magana, ba ta kalli ɗanta ba, don ba ta taɓa kallonsa ido cikin ido ba. "Ƙasar da ba ta ci, mi za ta ba ka? Ni ba waliyyiya ba ce, ƙasa za ta ci ni, kuma wagga nake so ta ci ni. Ga iyayena can kwance bayan tsamiya. A ba da gonar in ana so, sai dai a riƙa neman iznin wani kafin a zo gaishe ni."

Baba ya tsaya da jan ƙyalle a hannu, ya rasa inda zai sa shi. Kaka ta miƙa hannu ya ba ta. Ranar Talata ya je kasuwar Mafara ya gaya wa ƙanensa an fasa. Damina ta gaba shi da kansa ya riƙa lodin ruɓaɓɓen ganye a jaki yana kai wa jar gonarsa, yana cewa dabararsa ce tun asali.

Kaka ta ƙara shekaru masu yawa, har ta ga ɗana na fari ta mayar da ni tsohon miji. Ranar da ta rasu, mata suka buɗe akwati suka warware likkafanin. Ga jan ƙyallen nan, ta wanke shi ta ɗinke a mazauninsa da zarenta mai kauri. Ɗayan gurbin yana nan a buɗe. Na ce bari in ruga kasuwa in samo kamu ɗaya a cike. Mahaifiyata ta riƙe mini riga.

"Ta bar saƙo," in ji ta. "Ta ce a gaya wa maigida kar ya wahalar da kansa. Wancan ya riga ta zuwa, yana can yana jiranta."

Na yi dariya a gidan makoki, hawaye na zuba, dattawa suna harara ta. Bayan azahar muka kai ta bayan tsamiya.