Malam da Ganyen da Ya Yi Haske

Haihuwa

An haifi Malam a shekarar 1958, a ƙaramin gari mai tashar jirgin ƙasa, mahaifinsa mai gyaran agogo, mahaifiyarsa tela. Matarsa ce ta rubuta wannan, daga abin da ta riƙe a ka.

Karatu da aiki

Bayan ya kammala jami'a a 1983, ya kama aiki a gidan binciken tsirrai, inda ya shafe rayuwarsa kan tambaya guda: yadda ƙwayar cuta take rinjayar tsiro. Yakan ce tsiro ba wawa ba ne: idan cuta ta shigo, yakan daddatsa saƙon da take hayayyafa da shi, ya aika guntayen ga sauran ganyaye don su gane ta. Zatonsa shi ne cutar tana ɗauke da wani sinadari mai cafke guntayen a hanya.

Aure

Ya yi aure a 1986. Surukarsa ta rasu tana kiransa likitan ciyawa.

Shekarun ƙarshe

A 2001 ciwon suga ya fara cin idanunsa, alhali hujjarsa launi ce. Tsirran gwajinsa ja suke fitowa ƙarƙashin wata fitila muddin tsaronsu na aiki. Idan cutar ta karya tsaron, sai su yi kore. Da ganinsa ya dushe, kuma yana tsoron a sallame shi kafin ya gama, sai ya riƙa zuwa da matarsa ɗakin duhun da fitilar take, tana duba masa launin.

“Me kika gani, uwar gida?”

“Ja, irin na jiya. Ka tashi mu je ka ci abinci.”

Watanni suka shuɗe a haka. Wata safiya ta 2003 ta ga kore yana bin jijiyoyin ganyen, yana haske da kansa.

“Shirun nan fa? Ko ke ma idon ya tafi?”

Da ta faɗa masa, ya sa ta ɗora yatsansa a kan ganyen, ya daɗe yana tasbihi. Ɗalibansa suka maimaita gwajin, zatonsa ya tabbata.

Rasuwa

Ya rasu a watan Maris na 2005, aka binne shi bayan la'asar kusa da mahaifinsa. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya uku: babbar ungozoma, mai bi mata makanike, sai Auta, wadda aka haifa bayan idanunsa sun tafi, bai taɓa ganin fuskarta ba. Allah ya jiƙansa.