Waken Aljihun Kawu Lado

Ku da kuka san Kawu Lado, ƙanin mahaifiyata, kun san ba ya zama gaban kwamfuta sai da wake a aljihun hagu. Duk sa'ad da manhajar da yake rubutawa ta ari wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta, sai ya jefa ƙwaya ɗaya a aljihun dama. In ya rubuta layin da zai saki wurin, ya mayar da ita. Ranar da ƙwaya ta rage a dama, wallahi ba mai sakewa a shagonsa na Funtua. Matarsa ta taɓa ce masa ta ga wake ya tsiro a rigar da ta jiƙa. Ya ce, "Wane aljihu?" Ta ce na dama. Mutumin nan ya bar tuwo ya koma shago!

Ni ma na sha nawa. Wata ƙungiyar manoma a Malumfashi ta ba mu aikin manhajar rabon irin masara, kowane manomi da jerin gonakinsa. Alhaji Idi da ƙaninsa Tanimu sun raba gona, sai na kwafi bayanin Alhaji na yi wa Tanimu nasa. Ranar rabo na cire wata gona daga jerin Tanimu, ta ɓace a na Alhaji ma. Ga ruwa ya sauka, ga layi har bakin titi, ga Alhaji a kaina: "Ina gonata ta bakin rafi?"

Na kira Kawu a waya.

"Kai Basiru, da ka yi kwafin, ka ware wa na biyun wurinsa?"

"Kawu, ai na kwafa..."

"Adireshin wurin ka kwafa, shashasha! Mutum biyu, rumbu ɗaya, kowa da makulli. Kada ka rufe komai, ina zuwa!"

Ya iso a babur, hula a karkace. Ya sa manhajar ta ware sabon wuri, ta kwafe gonakin ɗaya bayan ɗaya, kowa da nasa, sannan ya mayar wa Alhaji gonar da na cire. Da gonar ta dawo, Alhaji ya washe baki: "Malam, ko za a ƙara mini ɗaya?" Kawu ya ce, "Saura ta Tanimu, ga shi nan bayanka, tambaye shi."

Taurin kai kuwa, sai shi. Na ce masa yanzu akwai yarukan rubuta manhaja masu share ƙwaƙwalwar kwamfuta da kansu.

"Yaushe suke sharewa?"

"In sun ga dama."

"In ba su ga dama ba fa?"

Mako guda ya hana ni taɓa kwamfutarsa.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, a gadon asibiti ya damƙe hannuna, na matso ina zaton wasiyya ce. Ya ce, "Manhajar manoman nan. In aka kwafi bayanin mutum a kan kansa, gogewa take kafin ta kwafa. Ban gyara ba." Na ce ya huta, zan duba. Ya ce, "Rantse."

Bayan sadakar uku na buɗe manhajar. Gaskiyarsa ce, layi ɗaya ya rage. Na rubuta shi ina kuka, na duba sau bakwai, har yau kuma in lokacin rabon iri ya zo sai gabana ya faɗi.

Allah ya jiƙan Kawu Lado, ya yafe masa kurakuransa, ya ba shi kwanciyar hankalin da ya kasa samu a duniya. Amin.