Nicasio, Mutumin da Yake Shuka Ruwa

Da zarar dusar ƙanƙara ta fara narkewa a kan duwatsun Alpujarra, Nicasio Rubio zai saɓa fartanya, ya cusa burodi da cuku a jaka, ya kora alfadararsa su hau. Aikinsa ya bi tsohuwar magudanar da kakanni suka haƙa, ya kwashe duwatsu da ganye, sannan ya yi abin da baƙo zai rantse hauka ne: ya fasa bakin magudanar, ya saki ruwa a gangaren da ba gona ba gida. Ƙasa ta shanye, ta adana. Sai tsakiyar rani, wanda a nan yake faɗowa a watan Agusta, ruwan yake ɓullowa a maɓuɓɓugar ƙauyen ƙasa. Shi kuwa ɗan ƙauyen sama ne, yawancin masu shan ruwan ko fuskarsa ba su sani ba.

Mu da muka ga shekarar farin nan ba mu manta ba. Waken mutanen sama ya fara yaushi, har da nasa. Fermin, ƙanin matarsa, ya tare shi a bakin magudana.

"Haba Yaya! Kai ne da ruwa a hannu, gonarka tana mutuwa, kana shayar da dutse? Ko dutsen ne zai auri 'yarka?"

"Rabon ƙasa ne wannan, namu sai ya zagayo," in ji Nicasio.

"Wa zai gani in ka karkato shi kaɗan?"

"Matan ƙasa za su gani a watan Agusta, in sun zo da tulu."

Waken ya bushe ƙurmus. Angustias, matarsa, ta daɗe tana ajiye masa abinci cikin fushi. Amma a ƙauyen ƙasa maɓuɓɓuga ba ta ƙafe ba, suka yi ta godiya ga waliyyin garinsu, suka kai masa kyandir. Abin ya ba ni haushi, har yau ma yana ba ni. Nicasio kuwa dariya kawai ya yi, ya ce waliyyi ma yana bukatar ɗan aike.

Kai ne mai shukar da wani yake girbe, Nicasio. Kai ne ka ci asara a gidanka don kada yaran da ba naka ba su sha ƙishi. Mun gode, kuma mun ji kunya da muka makara.

Bana gwiwar Nicasio ta ƙi. Ya sauko daga dutsen a kan alfadara, ya ce shi ke nan, ya ajiye aikin. Ƙauyukan biyu suka haɗa masa liyafa a dandali, aka yi jawabi, aka tafa. Da aka ba shi dama ya yi magana, ya dafa sanda ya miƙe.

"Na gode, naman ya yi daɗi. To, wa zai hau?"

Kowa ya sunkuya yana duba farantinsa.

Shi ya sa na rubuta wannan. Ku mutanen ƙasa, da mu na sama, tafi ba ya kwashe dutse daga magudana. Nicasio ya ce duk wanda ya zo zai nuna masa wuraren da ƙasa take shan ruwa, ko da ɗauke shi za a yi a kai shi. Ya kamata a samu mai zuwa tun yana iya nunawa. Dusar ta riga ta fara narkewa, kuma har yanzu ba wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa.