Gawon da ya rufe mana fano

Da damina muka sayi fanon sola, farantin nan mai kama hasken rana, kuma daga nan kuskuren ya taso. Maigidana ba ya zama gida sai da damina. Da an ɗaure gero sai ya saɓi jaka ya nufi Kano cin rani, ya bar ni da mahaifiyarsa, wadda ɓarin jikinta ya shanye. Inna ba ta iya juyawa da kanta. Da bazara zufa kan jiƙa mata baya har fata ta saɓule, ni kuwa hannu biyu gare ni, ɗaya a mafici ɗaya a tukunya. Wayar lantarki ba ta iso unguwarmu ba. Shi ya sa na tsaya masa a wuya, na ce ba inda za shi sai an samo fanka da abin da zai juya ta.

Tare muka je shagon sola, don na ce ni zan karanta takardar bayanin kayan. Sai da na haifi biyar na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma tun da na iya haɗa baƙi ba na yarda a karanta mini. Mai shagon ya nuna mana iri biyu: ƙanana guda biyu da mace za ta iya ɗauka ta bi rana da su a tsakar gida, ko babba ɗaya da za a kafe bisa rufi. Ya tambaya ko akwai inuwa a gidan. Ya ce fano ba shanyar kuɓewa ba ne, ko kusurwa ɗaya inuwa ta taɓa, ƙarfinsa duka ke faɗuwa. Maigida ya ce rufinmu fayau yake. Aka dube ni, na ce haka ne.

Ba ƙarya muka yi ba. Rassan gawon maƙwabcinmu sun ratso kan ɗakin Inna, amma a lokacin ba ganye ko ɗaya a jikinsu. Kowa a nan ƙasar Kance ya san halin gawo: yana zubar da ganye lokacin da sauran itatuwa ke tohowa, ya yi kore shar da rani. Shi maigida yana da uzuri, rabonsa da ganin gawon nan cikin ganye an daɗe. Ni fa? Ni da na tashi a Yauri ina tsintar 'ya'yan gawo ina kai wa awaki. Hankalina na kan takarda, ina taƙamar karanta lambobi, ban ɗaga kai na tuna abin da na sani tun ina yarinya ba.

Maigida ya zaɓi babban, wai ƙananan ɓarawo zai sa a hammata. Ya kira mai walda ya kewaye shi da ƙarfe, ya liƙe shi da rufin ɗakin Inna. Wata biyu fanka tana juyi kamar ba za ta gaji ba. Aka yi girbi, ya tafi.

Gawo ya fara toho. Da sanyi ban damu ba. Da zafi ya shigo sai na ga aikin da muka yi. Akwai ɗan akwati a bango mai lambobi da fitilar nuna ƙarfin batir, kore in ya cika, ja in ya kusa mutuwa. Da hantsi fanka kan yi ɗan juyi, kafin azahar fitilar ta yi ja, ta tsaya, daidai lokacin da ɗakin ke zama kamar tanda. Lambobin duk ina karanta su sarai. Ban san abin da karatun ya ƙara mini ba.

Na kira maigida a waya, ya ce in goge ƙura. Na ce ƙurar tana da rassa da saiwa. Na je wurin maƙwabcin, tsoho ne mai tumaki, na durƙusa na roƙi reshe biyu. Ya ce: "'Yata, ko na yarda, ma'aikatan gandun daji ba za su yarda ba. Kuma abincin tumakina ke bisa reshen nan." Mai walda ya ce ba zai yanke ƙarfen ba sai mai gida ya dawo, kada gilashin ya tsage a ɗora masa.

Na koma wa mafici. Ina jiƙa zane ina shimfiɗa mata, ina juya ta, ina shafa mata magani inda fatar ta buɗe. Wata rana ta dubi fankar a tsaye, ta ce cikin maganarta mai nauyi: "Ita ma kishingiɗa take yi?" Na yi dariya, na fita bayan ɗaki na share ido.

Ruwan farko ya sauka, gawo ya zubar da ganye, maigida ya dawo da jakarsa. Ya tarar da fitila kore, fanka na juyi da ƙarfi. Ya ce to ina matsalar da nake ta kira a kanta? Na buɗe baki zan wanke shi tas, sai Inna ta ce daga kan gado a kashe abin nan, sanyi take ji. Na kashe. Na ɗaga zanenta na nuna masa bayanta. Ya ce bayan girbi za a duba. Bayan girbi kuwa na san inda jakarsa take nufa.