Kalmasar Rigar Inna

Shekarar da sojoji suka koma bariki na buɗe shagon ɗinki a zauren gidanmu a Gyadi-Gyadi. Siyasa ta dawo, ta taho mana da anko. Kowace ƙungiyar mata tana son atamfa mai hoton ɗan takararta, kuma kowa nata ne na gaggawa. Kekena bai huta ba, ni ma haka.

Inna, mahaifiyata, tana da wata doguwar riga ruwan toka da na ɗinka mata. Da ita take zuwa Idi da duk wata unguwa ta mutunci, a ƙafa, don ta tsani hawa acaɓa. Wata rana ta kawo mini ita, wai tana jan ƙasa.

"Inna, rigar ce take girma ko ke ce kike komawa yarinya?" na ce.

Ta yi mini daƙuwa, muka yi dariya. Na kalmashe faɗin yatsa biyu, na bi da keke. Bayan shekara biyu ta sake kawowa, na sake kalmashewa. Ni da nake yini da tef a wuya, nake gane mace ta yi ƙiba tun daga bakin ƙofa, ban taɓa tambayar kaina me zai sa babban mutum ya rage tsawo ba.

Maƙwabciyarmu ce ta lura, wata nas Bayarabiya da duk layin ke kira Sista. Ta zo karɓar ɗinkin da za ta sa zuwa coci, ta tarar ina kalmasa ta uku, Inna na zaune tana jira.

"Anti, wannan ba laifin riga ba ne," in ji ta. "Dubi bayan Mama, ya fara ranƙwafawa. Ƙashi ne yake zaizayewa daga ciki. Akwai wani wuri a Tarauni da suka kawo na'ura, mutum ya kwanta ta ɗauki hoton ƙugu da gadon baya, ta nuna ƙarfin ƙashin. Ba allura, ba zafi. In an gane da wuri akwai magani."

Raina ya ɓaci, don ba na son a koya mini kula da uwata. Na ce, "Sista, ku komai asibiti. Tsufa ma sai an yi masa hoto?"

Inna ta ce, "A kai ni mana, ko gari na gani."

Na ce ta bari a gama zaɓe. Aka gama, aka shiga ɗinkin rantsarwa, daga nan sai kayan Sallah. Sista ta tuna mini sau biyu, har na fara kawar da kai in na hango ta.

Wata Laraba, wajen azahar, Inna ta gama alwala ta miƙe, santsi ya ɗan kwashe ta. Irin faɗuwar da yaro zai yi ya tashi yana dariya. Ita ba ta tashi ba. Mai ɗorin da aka kira ya taɓa ƙugun ya ce wannan ya fi ƙarfinsa. Aka yi mata aiki a asibiti, bayan ta ɗan warware likita ya tura mu hoton da Sista ta faɗa.

Wurin ko nisa babu. Aka kwantar da ita, wani hannun ƙarfe ya bi ta samanta a hankali, kafin na gama gyara zama an ce an gama. Likitan ya duba takardar ya ce ƙashin ya zama kamar soson wanka, kuma ba yau ya fara ba. Sai ya ɗago ya tambaye ni, "Hajiya, kin lura ko ta rage tsawo?"

Na ce, "Yatsa shida."

An ba Inna magani, amma ba ta ƙara taka ƙofar gida da ƙafarta ba. Sallah ma a zaune take yi. Ba ta taɓa ce mini komai ba, kuma na fi son a ce ta zage ni.

Da Idi ya zagayo ta ce a fito mata da rigar, za a tura ta a keken guragu. Na juya bakin rigar, ga layin zare uku a jere, duk aikin hannuna. Na gwada a jikinta na ga ta sake yi mata tsawo, sai na miƙa hannu zan ɗauki allura.

Ta riƙe hannuna ta ce, "Bar shi, 'yar nan. Ina zan taka da za ta ja ƙasa?"